Tsohuwar majami'armu ta ƙasa da maƙabartar da ke bayanta: a rushe ko a gyara?

Jikan Katikis ya rubuta:

Ina gaishe ku baki ɗaya, manya da ƙanana, da fatan an shiga kaka lafiya. Na zo da wata magana ce wadda ta raba kan ikilisiyarmu gida biyu, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san gini, da waɗanda suka san sha'anin filaye, da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan a garinsu.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Zazzau, kuma ba zan faɗi sunansa ba domin maganar tana hannun dattawa har yanzu. Muna da wata tsohuwar majami'a ta ƙasa wadda kakanninmu suka gina da hannunsu tun zamanin Turawa, da tubali da azara, rufinta soro ne mai baka biyu, kuma kaurin bangonta ya kai yadda muna yara mukan haye bakin taga mu miƙe ƙafa mu yi barci ana cikin wa'azi. Kakana shi ne katikis na wurin, wato mai koyar da addini da jagorantar sujada, har ya tsufa. Ƙararrawar da ake bugawa don kiran sujada wani guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a reshen darbejiya, kuma har gobe maƙwabtanmu Musulmi da ita suke sanin cewa hantsi ya yi ranar Lahadi. A tsakiyar bazara, lokacin da gidajen kwano suke zama kamar tanda, in ka shiga cikinta sai ka ji sanyi ya ratsa ka.

To, daminar bana ta taɓa ta. Indararo ɗaya na gefen gabas ya karye, ruwa ya yi ta bin bango har ya tsage daga sama zuwa kusan rabin tsayinsa, sannan simintin da aka shafe bangon da shi shekarun baya ya kumbura, yana ɓamɓarowa faifai-faifai. Bayan wannan kuma jama'a sun yi mata yawa, domin ranar Kirsimeti waɗanda suke zaune a waje ƙarƙashin rumfa sun fi na ciki. Saboda haka kwamitin gini ya kawo shawarar a rushe ta a wannan rani, a kafa babba ta bulo da kwano a gurbinta, kuma mafi yawan matasa suna bayan wannan shawara. Tsofaffi da zumuntar mata ne suka ce ba da su ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maƙabartar da ke bayanta. Ba ta da katanga, awaki suna kiwo a cikinta, masu jari-bola sun tsige gicciyen ƙarfe da dama, kuma kwanan nan muka wayi gari muka ga an kafa turakun fuloti a gefenta na kudu, inda tsofaffi suka tabbatar akwai kaburburan yara. Ba mu da takarda ko ɗaya a kan filin, domin dagacin wancan zamani da baki ya ba da shi. A watan jiya na raka gwaggona don ta nuna mini kabarin mahaifiyarta. Ta ce taku goma ne daga gindin wata tsamiya, amma an sare tsamiyar tuni, ko kututturenta ba mu gani ba. Ta tsaya a cikin ciyawa tana dube-dube, ta nuna nan, ta koma ta nuna can, daga baya ta ja mayafinta ta ce mu tafi gida.

Tambayata ita ce, shin ginin ƙasa da ya tsage haka yana gyaruwa, ko kuwa muna ruɗin kanmu ne? Idan yana gyaruwa, da wace hujja zan tunkari kwamiti, tunda maganar ƙarancin wuri gaskiya ce ba ƙarya ba? Sannan ta ina ake fara kare maƙabartar da ba ta da takarda?

Tsohon Magini ya amsa:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ni Musulmi ne, kuma gini na gada daga mahaifina, na yi aikin ƙasa tun ina ɗaukar tubali a ka har na kai ga ɗaura baka da kaina, saboda haka zan yi magana a kan ginin kawai, in bar wa masu ilimi sauran.

Kafin komai, ku duba rufin, domin shi ne yake kisa, ba bango ba. A samu magini wanda ya san soro ya hau da tsani, ya bi azarorin ɗaya bayan ɗaya yana soka musu bakin wuƙa, musamman inda kawunansu suka shiga cikin bango, domin a nan danshi yake taruwa kuma a nan gara take fara ci. Azarar da aka fasa daga namijin giginya da ya ƙosa tana iya wuce shekara ɗari ba ta yi komai ba in ba ta sha ruwa ba, amma idan wuƙa ta nutse a cikinta, ko kuma aka ga cikin rufin ya yi ciki ya sauko, to a tokare shi da itace nan take, a kuma daina taruwa a ciki sai an gyara. Wannan ba abin jayayya ba ne tsakanin tsoho da yaro.

Tsagewar bango kuwa iri biyu ce, akwai mai tafiya, akwai wadda ta tsaya. Yadda za ku gane shi ne ku kwaɓa farar ƙasa ku shafa ta a kan tsagewar wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ku bar ta ta bushe, sannan ku riƙa dubawa duk mako har wata biyu. Idan shafen bai rabu ba, ruwan indararo ne kawai ya yi ɓarna, kuma gyaranta ba wuya: a fafe bakin tsagewar, a gitta guntayen azara a cikinta kamar ɗinki, a cike da ƙasa kaɗan-kaɗan ana bari tana shan iska. Idan kuwa shafen ya rabu, to gindin ginin ne yake motsi, sai a tona a ga ko ruwa yana kwanciya a wurin. Ban yi mamaki da ka ce gefen gabas ba ne, domin a ƙasarmu daga gabas hadari yake tasowa, kuma kowane tsohon magini ya san bangon gabas ne yake fara tsufa.

Simintin nan da aka shafa shi ne babban kuskuren, kuma ba ku kaɗai kuka yi shi ba, an yi shi a fadoji da masallatai da gidajen attajirai da yawa. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani. Idan aka rufe shi da siminti, ruwa yana samun hanyar shiga ta ƙananan tsagogi amma ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta ruɓe a ɓoye alhali daga waje ana ganin bango sumul. Ka buga shi da bayan hannunka, duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da bangon. A ɓamɓare shi a hankali, gefe-gefe, ba duka rana ɗaya ba, a bar bangon ya sha iskar hunturu, sannan a yi masa yaɓe irin na da. Ƙasar yaɓe ana kwaɓa ta ne da ciyawa a tattake, a rufe ta a bar ta kwanaki tana ruɓa, ana ba ta ruwa ana sake tattakawa, ba a kwaɓa yau a shafa yau ba. A bisa yaɓen a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce take sa bango ya yi duhu ya kuma ƙi shan ruwa. Rufi kuma laso ne maganinsa, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, sai dai masu haɗa shi sun yi ƙaranci ƙwarai tunda marina da majema suka ragu. Idan bai samu ba, ni ban ga laifin a ɗora rumfar kwano a bisa soron ba, a kan ginshiƙanta na kanta, ta zarce bango ta kowane gefe yadda ruwa zai zuba nesa. Ba ta da kyan gani, na yarda, amma ta ceci gine-gine da yawa waɗanda da yanzu sun zama tudu.

A gyara indararo duka, a sa masu tsawo, a kuma yi wa gindin bangon dakali mai gangara don kada ruwa ya kwanta. Wannan kaɗai ya ɗauke rabin ciwon.

Game da kuɗi, ƙasa da ciyawa da ruwa suna nan a garinku, abin saye shi ne azara da ladan magini. Abin da ginin ƙasa yake nema, wanda mutanen yanzu ba sa son bayarwa, shi ne a waiwaye shi kowace shekara. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa wanda aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara gari yana fitowa a yi masa yaɓe, maza suna hawa, mata suna kawo ruwa, yara suna tattaka ƙasa. Mu ma da haka muke yi da sunan gayya. Idan ikilisiyarku ba za ta iya ware kwana biyu bayan an gama girbi don wannan ba, gara ku faɗa wa kanku gaskiya tun yanzu, domin gyara sau ɗaya a tafi ba zai riƙe ta ba.

Malamar Tarihi ta amsa:

Ɗan'uwa, Baba magini ya gama magana a kan gini, ni kuma zan ba ka hujjar da ka nema don kwamiti. Shawarata ita ce kada ka tsaya yi musu dogon bayani, ka ɗauki mota ɗaya ka cika ta da 'yan kwamitin da shugabannin matasa ku je Wusasa, tunda a ƙasar Zazzau kuke, gani ya kori ji.

Ga abin da za su tarar. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar masu bishara ta cocin Angilika daga Ingila, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da suka isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, suka zauna a ƙauyen Girku na ƙasar Zazzau, sannan a 1905 ya koma cikin birnin Zariya ya buɗe makaranta da wurin shan magani. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, a gindin dutse, kuma a nan aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, da hannun maginan ƙasar. Wanda bai sani ba, in ya hango ta daga nesa, zai ɗauka zauren wani basarake ne. Daga wannan ɗan ƙaramin wuri aka samu Dakta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, wanda babban asibitin Kaduna yake ɗauke da sunansa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, ya tashi a gidan mahaifinsa mai aikin bishara. Aikin fassarar da Miller da abokan aikinsa Hausawa suka daɗe suna yi shi ne ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Jama'ar Wusasa su ma sun yi wa tsohon gininsu yawa, amma ba su rushe shi ba, sun yi sabon wurin sujada sun bar tsohon a tsaye, kuma shi ne abin da baƙi da ɗalibai suke zuwa gani. Babban coci na bulo da kwano kuwa, kowane gari yana da shi.

Abin da nake so matasanku su lura da shi shi ne, ana yawan faɗa wa Bahaushe Kirista, a fili ko a kaikaice, cewa shi baƙo ne, ko dai a addininsa ko a Hausancinsa. Majami'ar da aka gina da tubali da azara da baka, wadda kakanninku suka tattaka ƙasarta da ƙafafunsu, da maƙabartar da take ɗauke da sunaye irin su Audu da Tanko da Lami da Ladi a ƙarƙashin gicciye, su ne amsar da ba ta bukatar gardama. Idan kuka rushe ta, kun rushe shaidar daɗewarku a garin, kuma sabon ginin, komai girmansa, shekarunsa za su fara ne daga ɗaya.

Sai dai ina jan hankalinka ga abin da ya fi bango saurin lalacewa, wato takardu da tsofaffi. Ka tambaya ina littafin baftisma yake, da na aure, da na jana'iza, da littafin da ake rubuta baiko, wato abin da jama'a suka bayar a sujada, da sunan mai wa'azin kowace Lahadi. Sau da yawa za ka same su a cikin wata akwatin ƙarfe a gidan tsohon sakatare, gara ta ci gefensu. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, da rana a inuwa, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya, ka kuma kai wa ofishin dayosis ko na gundumar ikilisiyarku kwafi. Sannan ka zauna da gwaggonka da sa'o'inta ka naɗi muryarsu, ka tambaye su wa ya ba da filin, wa ya ɗaura bakan, wa aka fara binnewa, wace shekara aka yi annobar da ta kwashe yaran da ke gefen kudu. Kada ka tara su wuri ɗaya da farko, domin mai ƙarfin murya zai rinjayi sauran, ka bi su ɗaya-ɗaya sannan ka gwada maganganunsu. Idan mishan ɗin da ya kafa ku na CMS ne, tsofaffin wasiƙunsu da rahotanninsu suna ajiye a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, a Kaduna kuma akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, inda fayilolin gundumomi na zamanin Turawa sukan ambaci izinin da aka ba mishan na kafa makaranta ko wurin sujada. Irin wannan takarda tana iya yi muku amfani har a maganar filin.

Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ta hannunta ake bi a sa gini cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Ku rubuta mata, ba laifi, ma'aikatanta suna iya zuwa su duba su ba da shawara. Amma a ganina kada ku jingina da ita, domin ganuwar Kano da ta Zariya ma, da duk sunansu, kowa yana ganin halin da suke ciki.

Sakataren Matasa ya amsa:

Ina neman afuwar iyayena da suka yi magana, amma ina ganin ya kamata a ji ta bakin ɓangaren da ake kira masu son rushewa, domin ni ma a garinmu ina cikinsu. Ba ƙin tarihi muke yi ba. Mu ne muke ɗaukar benci mu fita da shi waje duk Lahadi, mu ne muke tare ruwa da bokiti idan rufi yana yoyo, kuma idan aka ce gayya, waɗanda suka fi ɗaga murya a kan a bar ginin ba su ne za su hau tsani ba, yawancinsu ma a Kaduna da Abuja suke zaune, sai Kirsimeti suke zuwa su ɗauki hoto. Baikon da manomi ya bayar daga buhun masararsa ba zai isa a riƙe gini biyu ba.

Sannan maganar rai ba wasa ba ce. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830, ya rufto a kan masallata ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. Idan ginin da yake a ƙofar fada, wanda masana daga ƙasashe suke zuwa nazarinsa, zai iya yin haka, ina ga majami'ar ƙauye da ba mai duba ta? Ni zan yarda a bar tsohon gini bisa sharaɗi biyu kawai: masani ya duba ya sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa ba, kuma waɗanda suke son a bar shi su buɗe asusunsa dabam, su riƙa zuba kuɗi duk shekara, kada a taɓa kuɗin sabon gini. Kuma a ba shi aiki, ko ajin yara na ranar Lahadi, ko addu'ar asuba, ko taron zumuntar mata, domin ɗakin da aka kulle jemagu da gara ne suke gadonsa.

Ma'aikacin Filaye Mai Ritaya ya amsa:

Malam Jikan Katikis, yaron nan da ya yi magana a sama ya faɗi gaskiya, kuma sharuɗɗansa su ne za su sasanta ku idan kuka karɓe su. Ni dai maƙabartar ce ta sa na sa baki, domin na yi shekaru ina aikin awon filaye, kuma na ga yadda maƙabartu suke ƙanƙancewa taku-taku, ta Musulmi da ta Kirista duka, ba tare da wani ya taɓa cewa ya ƙwace su ba. Gini zai iya jiran wata biyu na gwajin da Baba magini ya faɗa, amma turakun nan ba za su jira ba, domin da zarar an zuba harsashi an ɗora bulo, maganar ta koma ta kotu da shekaru.

Kada ku tsige turakun da hannunku, kuma kada ku bar matasa su je wurin da fushi, domin a ƙasarmu rikicin fili da ya shafi wurin ibada yana saurin sauya kama ya zama abin da ba shi ne ba. Ku fara da mai unguwa da dagaci, ku tafi da dattawanku, ku kuma roƙi limamin gari da tsofaffin Musulmi da suka san iyakar su raka ku. Na tabbata za a samu a cikinsu waɗanda suka halarci jana'iza a wurin, ko waɗanda gonar mahaifinsu ta yi iyaka da shi, kuma shaidarsu ta fi taku nauyi a wannan magana saboda ba su da abin da za su samu. Babu Musulmin kirki da zai yarda a gina ɗaki a kan kabarin yaro, ko na wane ne. A zagaya iyakar da ƙafa gaban kowa, a rubuta abin da aka amince da shi, dagaci ya sa hannu da hatimi, shaidu su sa hannu, a kai wa hakimi.

Daga nan sai hukuma. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne yake ba da takardar mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma tana da ikon ba da takardar izinin zama bisa al'ada. Kundin tsarin mulki ma ya sa kafa maƙabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, saboda haka idan kuka je sakatariya ba alfarma kuka je nema ba. Ku ɗauki mai awon fili mai lasisi ya auna majami'ar da maƙabartar, ya fitar da taswira, ya kafa duwatsun iyaka na siminti masu lamba. Takardar kuma kada ta fito da sunan fasto ko na wani dattijo, komai amincinsa, domin bayan ransa magada suna iya cewa gado ne. Ta fito da sunan amintattun ikilisiya masu rajista.

Katangar bulo tana da tsada, kuma ba dole ba ne a fara da ita. Ku dasa bini-da-zugu ko aduwa a bin iyaka da farkon damina, awaki ba sa cin na farkon, na biyun kuma ƙaya gare shi, sannan ku riƙa ɗaga katanga gefe ɗaya duk shekara, kuna farawa da gefen kudu. Ku daina sa wa ciyawar wuta da rani, domin wuta tana fasa siminti tana cinye rubutu, a yi nome da fartanya. Gicciyen ƙarfe kuma ku haƙura da shi, ku zuba na siminti, wanda ba mai saye a kilo. Rubutun da ya shafe kada a goge shi da burushin ƙarfe, a je da sassafe lokacin da rana take fitowa ta gefe, ko a haska shi da tocila daga gefe da magariba, haruffan za su fito da inuwarsu. A zana taswirar kaburbura a babbar takarda, kowanne da lambarsa, a rubuta sunan wanda aka sani, wanda ba a sani ba a rubuta cewa akwai mutum a nan.

Na taɓa zuwa Lakwaja na ga kaburburan sarakunanmu da Turawa suka kai can, har da na Sarkin Kano Alu wanda ya rasu a 1926, ga kuma maƙabartun Turawa da na 'yan mishan a cikin gari ɗaya. Waɗanda aka kewaye aka rubuta musu suna, su ne ake kai baƙo ya gani. Sauran kuwa sai dai wani tsoho ya nuna maka bayan wani shago ya ce a da akwai kaburbura a nan.

Jikan Katikis ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa dattawa amsoshinku jiya bayan sujada, na kuma karanta ta Sakataren Matasa sau biyu, domin ita ce ta sa shugaban matasanmu ya gyara zama ya saurara. Ba a yanke hukunci a kan rushewa ba, amma an amince a dakata har bayan Ista, an kuma mayar da sujada ƙarƙashin rumfa har sai an duba azarorin. Akwai fili a gefen arewa wanda zai ɗauki sabon gini idan aka matsar da gidan fasto kaɗan, sai dai ma'aji ya ce shi bai ga inda kuɗin gini biyu zai fito ba, kuma ban sami amsar da zan ba shi ba tukuna.

Mun shafa farar ƙasa a kan tsagewar wuri uku kamar yadda Baba ya ce, na rubuta kwanan wata a gefe da gawayi. Littafin jana'iza ya samu a gidan matar tsohon sakatare, shafukan farko sun tafi, amma sunan kakata yana ciki. Ranar Laraba za mu je gaban dagaci, kuma limamin unguwarmu ya ce zai zo da ƙanin mahaifinsa, wanda ya ce yana tuna inda tsamiyar take domin a ƙarƙashinta yake ɗaure jakinsa. Baba magini, idan da hali ina so in san yadda ake gane azarar da ta ƙosa a kasuwa, domin an ce mana yanzu ana haɗa ta da ɗanya.